Kaluluwar Gajere da Maganin Kaka

Wata yarinya 'yar aji huɗu tana da kare mai suna Gajere. Shi ne ke gadin gidansu.

Wata rana tana shafa wuyansa, sai ta ji ƙulli biyu a ƙarƙashin haɓarsa, kamar ƙwan tantabara.

"Yaya, mene ne wannan?" ta tambayi yayanta.

"Kaluluwa ce," in ji shi, yana sauri zai tafi ƙwallo. "Ni ma na taɓa yi."

Ta tsaya tana tunani. Kaka tana da ƙwayoyin da take sha idan gwiwarta ta kumbura. To, ai kumburi duk kumburi ne! Sai ta riƙa ɗaukar ƙwaya a ɓoye, tana sa wa Gajere a abinci.

Ƙullin ya ragu. Ta yi murna ƙwarai. Amma ba a daɗe ba ya dawo, har da wasu a bayan ƙafafunsa. Ta ƙara ba shi ƙwaya, kanta ya ɗaure.

Da Baba ya ga ƙullin, sai suka kai Gajere wurin likitar dabbobi. Likita ta sa siririyar allura ta zuƙo ruwa daga ƙullin, ta shafa a ɗan gilashi, ta duba a madubin likita. Ta daɗe tana dubawa.

"Abin da mamaki," in ji ta. "Alamun ciwon dajin kaluluwa ne, amma gwajin bai fito sosai ba. An ba shi wani magani ne?"

"Ko kusa," in ji Baba.

"Na ba shi na Kaka," yarinyar ta ce a hankali. "Ai ya yi aiki. Ƙullin ya ragu."

Likita ta ce, "Ɓoye ciwon ya yi, 'yata, bai kore shi ba. Yanzu ni ma ya ɓoye mini. Dole mu jira ƙarfin maganin ya fita, mu sake gwaji."

Baba bai yi mata faɗa ba. Jiran nan ya yi mata wuya. Kullum ƙullin yana girma, ita kuwa ba abin da za ta iya yi.

Daga baya aka sake gwaji, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton cikinsa.

"Nau'in B ne, mataki na uku," in ji likita.

"B? Ya ci jarrabawar ke nan?" yarinyar ta tambaya. "Na uku ya zo?"

Har Baba sai da ya yi dariya.

"A'a," in ji likita. "Ciwon iri-iri ne. Akwai B, akwai T. B ya fi jin magani. Mataki kuwa yana nuna inda ciwon ya kai. Nasa bai taɓa hanta da saifa ba. Sai mun san wannan muke zaɓar magani."

"Zai warke?" in ji yarinyar.

"Ba zan ce har abada ba. Amma zai samu sauƙi sosai, in Allah ya so."

Aka fara ba shi maganin da ya dace, haka kuwa aka yi. Bayan 'yan makonni ƙullin ya ɓace, Gajere ya koma korar ƙadangaru a tsakar gida.

"Me kika koya?" Mama ta tambaye ta.

"Ba a ba da magani sai an san ciwo," ta ce. "Kuma idan na ga abin da ban gane ba, zan faɗa wa manya tun da wuri."