Faifan da Ɓarawo Ya Bari

Da safe Maijidda ta tarar da ƙofar shagonta na Jos Jarawa a ɓalle. An kwashe buhun tsofaffin fayafayan CD, an kuma soke wuƙa a tsakiyar teburin aikinta. Nan da nan ta danna lambar 'yan sanda.

Sana'arta ce ta ɓare faifai, ta yanko guntu kamar farce, ta shafe siraran layukan jikinsa da azurfa. In aka ɗiga nono a kai aka haska fitila, launin da ya dawo shi ke tona ko an yi masa algus da ruwa. Gobe za ta yi gwajin a gaban kamfanin da ke sayen nonon kawunta Hamman na Kuru. Kamfanin ya ce rabin nonon ruwa ne. In gwaji bai wanke tsohon ba, ciniki ya mutu, sunansa kuma ya ɓaci a cikin rugage.

Sufeta Idiat ta zare wuƙar ta nannaɗe a takarda. "Sun bar miki wani abu?"

Maijidda ta waiga ƙofa tukuna, sannan ta nuna wata kwalbar man shafawa a kan kanta. "Guntayen gwajin suna ciki," ta ce cikin raɗa. "In ya gane, zai dawo."

"Wa ya san da gwajin?"

Mutum uku ta lissafa.

Suka fara da Kasali, mai sayar mata da fayafayan a Tina Junction. Ya buga cinya. "Haba madam! Bolar da na samu na rabu da ita zan je in sato?"

Adnan, mai karɓar nono a kamfanin, gumi yake tun kafin a tambaye shi. "Oga, na ga abin da idona. Ɗan guntu ne, da hantsaki ta ɗauko shi daga kwalba."

A mota Sufeta ta dubi Maijidda. "Kasali ya san buhun nan shara ne. Adnan ya san kwalbar, da ita zai ɗauka. Ɓarawonmu ya ji ana cewa faifai, amma bai taɓa ganinsa ba. Wane ne na ukun?"

Nan take Maijidda ta gane. Abba ne, ɗan Hamman na cikinsa, direban da ke kai nonon. Kullum a bakin titi yake tsayawa yana danna mata hon, bai taɓa shiga shagon ba.

Suka tare shi a hanyar kamfani, suka juya da motar zuwa ruga. A gaban Hamman, Maijidda ta ɗiga nonon ƙwaryar tatsa, launi ya tsaya inda ya kamata. Ta ɗiga na jarkar Abba, launi ya gusa. Buhun fayafayan kuwa yana ƙarƙashin kujerar motar Abba. Ashe rabi yake sayarwa a hanya, ya cike da ruwan rijiya.

"Baffa, tsorata ta kawai na so yi," Abba ya ce wa mahaifinsa.

Sufeta ta miƙa wa Hamman wuƙar. Ya gane ta, shi ya ba yaron ranar da ya fara kiwo.

"Kawu, an wanke ka," in ji Maijidda.

Tsohon bai ɗago ba. "'Yata, da kin bari sun ce ni ne."