Ranar da Umma Ta Gyara Tebur

Ranar da ta fara shiga shagonsa, mai gyaran agogo ya zaci agogo ta kawo. Sai ta zaro wata 'yar tsana daga jaka, siffar tsohuwa ce da aka yi da waya da soso da ƙyalle, gwiwarta a karye. Ta ce ita ɗalibar zane ce a shekarar ƙarshe, fim take haɗawa da 'yan tsanar da ta yi da hannunta. Takan motsa su kaɗan ta ɗauki hoto, ta sake motsawa ta sake ɗauka, sai an yi hoto sha biyu ake samun tafiyar daƙiƙa ɗaya.

Gyaran minti goma ne, amma bawan Allah ya ja shi har awa guda. Ita ma ba ta ce tana sauri ba.

Daga nan gwiwoyi suka yi ta zuwa shago, har da waɗanda lafiyarsu ƙalau. Ya raɗa mata suna 'Yar Sannu, saboda aikinta ba ya son gaggawa. Kullum da yamma sai ya tura mata saƙo:

"'Yar Sannu, yau daƙiƙa nawa aka samu?"

"Huɗu, Agogona. Da biyar ne, tunaninka ya cinye ɗaya."

Da maganar aure ta taso, Umma, mahaifiyarsa, ita ce ta ƙi. Ta ce macen da har yanzu take wasa da 'yar tsana ba za ta iya riƙe gida ba, ga 'yar maƙwabta nan malamar asibiti. Shi kuwa ba zai taɓa yin auren da Umma ba ta sa wa albarka ba, 'Yar Sannu ma ta san haka. Da ƙyar ya shawo kanta ta yarda za ta je ta ga yarinyar.

Da hantsi ta je, 'Yar Sannu tana makaranta. Umma ta nemi a nuna mata ɗakin yarinyar. Ga tebur a tsakiyar ɗaki, zanen alli ko'ina a ƙasa, 'yan tsana a tsaye kowacce ƙafa ɗaya a sama. Kunya ta kama uwar yarinya, ta ɗauko tsintsiya, Umma kuwa ba ta iya ganin aiki ta zauna. Suka zage damtse, suka goge alli, suka tura tebur jikin bango, suka jera 'yan tsana cikin kwali.

Da 'Yar Sannu ta dawo, a bakin ƙofa ta daskare. Allin nan shi ke nuna inda kyamara da fitila suke tsaye. Idan abu ya gusa ko da faɗin yatsa ne, sai dai a faro wannan ɓangaren daga farko. Aikin sati uku ya tafi, saura kwana goma ta miƙa fim.

Ta dubi Umma, tsohuwa tana haki, gumi a goshinta. Sai ta durƙusa.

"Sannunku da aiki, Umma. Allah ya saka da alheri."

Ta kawo ruwa, ta raka ta har titi, sannan ta dawo ta yi kukanta. Ta rubuta masa: "Agogona, kar ka faɗa wa Umma. Da kyakkyawar niyya ta yi."

Bai iya ɓoyewa ba. Da Umma ta zauna tana ba shi labarin irin gyaran da ta yi, idonsa ya ciko, ya miƙa mata wayar ta karanta da kanta, sannan ya yi mata bayanin alli.

Washegari da safe sai ga ta da tabarau da allura. Ta ce hannun da ya ɓata shi zai gyara, a nuna mata abin yi. Kwana goma tana zuwa, 'Yar Sannu tana motsa 'yan tsana, Umma tana danna kyamara tana ƙirgawa, idan riga ta yage ta ɗinke. Ta kai ga ko uwar yarinya ta leƙo, Umma ce ke daka mata tsawa kar ta taka alli.

An miƙa fim a kan lokaci. Da aka haska shi a makaranta, tsohuwar nan ta waya da soso ta miƙe ta yi tafiya, Umma ta riƙe baki, ta juya tana gaya wa mutanen bayanta cewa aikin surukarta ne. Mai agogo ya ji da kunnensa, farin ciki ya hana shi kallon sauran.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya gaban Umma, ta kama hannayen nan masu tabon gam ta riƙe.

"'Yata, na ɓata miki aiki kika gode min, kika rufa min asiri. Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ki 'ya'yan da za su yi haƙuri da ke in kin tsufa, kamar yadda kika yi da ni."

Ɗaki ya amsa da amin, amarya ta kifa kanta a cinyar Umma tana kuka.