Moɗar Bayan Ƙofa

Da la'asar sakaliya Khairiyya na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, amma wallahi hannu ne kawai ke aiki, zuciya ta tafi Kurmin Kogi. Can take hango Uwaisu tsaye a gonar rakensa, ganye na kaɗawa, ƙamshin mazarƙwaila na tashi, yana kiran sunanta a hankali. Shekara biyu suna son juna, yau kuma sati uku ke nan da mahaifinta, Malam Mika'ilu na Hunkuyi, ya ce kada ya sake taka masa ƙofa.

Laifin Uwaisu? Kakansa Bamaguje ne kafin ya musulunta. Yaro ya sauke Alƙur'ani, ga ladabi, ga neman na kai, amma Gwaggo Hadijatu, yayar Malam, ta kafe cewa jini ba ya wankuwa. Ranar da ya zo gaisuwa ma, sai ta ba shi ruwa a tsohuwar moɗa mai lotsattsen baki, wadda tun zamanin kakanni ake ratayewa a bayan ƙofar zaure don Maguzawa masu kawo hatsi. Ya dubi moɗar, ya gane, ya shanye, ya ce alhamdulillahi. Khairiyya na leƙe ta labule, ranar ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Tes ɗaya ya turo mata tun daga nan: "Ki yi haƙuri, kada ki ɗaga wa Baba murya saboda ni." Ta karanta shi ya fi sau ɗari, har wayar ta riƙa cinye caji a banza.

"Ke Khairiyya! Tsinta kike yi ko kaji kike ciyarwa?" in ji Gwaggo.

Malam na kan buzu a gindin mangwaro, rediyo a gefensa. Ana labarin mutanen Tibet ne, masu zama kan duwatsun ƙanƙara, suna kukan ana raina su saboda asalinsu, ana nesanta 'ya'yansu da harshen iyayensu. Khairiyya ta lumshe ido. Sai ga fararen duwatsun a gabanta, rake ya tsiro a gindinsu, wata budurwa kamarta tana tsaye a cikin sanyi, riƙe da moɗa mai lotsattsen baki.

"Innalillahi!" Malam ya girgiza kai. "Mutum shi ke zaɓar inda za a haife shi? Ko addini bai haɗa mu ba, wannan zalunci ne. Allah da kansa ya karrama ɗan Adam!"

Khairiyya ta buɗe ido. Ta miƙe, ta shiga zaure, ta ciro moɗar, ta wanke ta tas, ta cika ta da ruwan randa. Ta zo ta durƙusa.

"Baba, ga ruwa."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "La haula! A wannan moɗar? Malam guda? Ai ta su ce!"

"Baba, ka gafarce ni," Khairiyya ta ce, hawaye na sauka. "Ban taɓa musa maka ba, yanzu ma duk abin da ka yanke na bi. Na ji tausayinka ya kai har Tibet ne — Kurmin Kogi kuwa ga ta nan, ana zuwa a dawo kafin azahar."

Malam ya kashe rediyon. Ya daɗe yana kallon lotsattsen bakin moɗar, kunya ta kama shi har ya kasa duban 'yarsa.

"Yaya, a wannan kika ba yaron ruwa?"

"Haka muka taras ana yi!"

"Kuma ya sha?"

"Ya sha, Baba," in ji Khairiyya. "Har ya yi godiya."

Malam ya karɓa da hannu biyu, ya yi bismillah, ya shanye.

"Kira shi. Ki ce ya turo magabatansa ranar Juma'a, ni zan fara ba su haƙuri."

Bayan an sare rake aka ɗaura auren. Gwaggo ta yi fushin wata guda, mazarƙwailar surukin ce ta sauko da ita. Moɗar kuwa tana kan randa yanzu, kowa da ita yake sha.

Haƙurin Khairiyya da Uwaisu bai faɗi a banza ba. Jama'a, tausayin wanda aka zalunta a nesa abu ne mai kyau, amma kafin mu yi tir da masu raina asalin mutane, mu leƙa bayan ƙofarmu mu ga abin da muka rataye.