Zoben da Baba Ya Gani

"Sakinatu, duka biyun fa masu kusurwa huɗu ne. Minti arba'in ke nan kina kallonsu."

"To ka ƙara ashirin su cika awa," na ce da shi ba tare da na ɗago ba.

Jalaluddeen, wanda zan aura, ya kau da kai. Na san kau da kan nan nasa, ya fi faɗa ciwo.

A falon Hajiya Balkisu muke, a unguwar Mabera, matar da rabin amaren Sakkwato ke sanye da gwal ɗinta. Ta shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur, ta ajiye zobba biyu na daimon. Ɗaya daga ciki za a saka a lefena, kuma Jalal ya kafe sai ni na zaɓa da kaina. Ni da ko takalmi sai na zagaye kasuwa sau uku kafin in saya.

"Ba zoben ba ne matsalar, ni na sani," ya ce a hankali. "Sau biyu ana sa mana rana kina ɗagawa."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa raina ya ɓaci.

Shekara huɗu ke nan da hawan jinin ido ya tafi da ganin Babana, Malam Yari. Likita ya ce abin da ya rage masa kawai ya bambance rana da inuwa. Inna ta riga mu gidan gaskiya tun kafin nan. Yayana Badaru da matarsa Wasila suna cikin gidan, ba su taɓa gajiya da shi ba, amma hannuna Baba ke riƙewa. Ni ke kai shi zaure, ni ke dawo da shi tabarmarsa a gindin dogonyaro. Duk sa'ad da aka ce ga ranar biki, sai in tuna hannun nan yana lalube a iska, in ji ba zan iya ba.

Kuma ina son Jalal. Wallahi ina son sa, son da har kunya yake ba ni.

"Ke ɗiyata, da ido tsirara ba a zaɓen daimon," in ji Hajiya Balkisu. Ta miƙo mini wani ɗan gilashi mai kamar murfin kwalba. "Kanga ga idonki, ki matso da shi. Wanga na fari, irin yankan nan firinses aka ce mai. Duba ki gani."

Na kanga, na duba.

Ban san lokacin da na ce Subhanallah ba. Ɗan dutsen da bai kai ƙwayar masara ba, amma cikinsa haske ne ke ta farfashewa. Na ɗan motsa hannu, sai ga ja, ga kore, ga wani shuɗi da ban san sunansa ba, kowanne ya fito ya ɓace kafin in gama ganinsa.

"Yanzu duba ɗan'uwan. Shi irin yankan nan asha aka ce mai. Ba shi da rawar kai."

Wannan kam bai yi walƙiya ba. Shiru ne a cikinsa. Murabba'i ne a cikin murabba'i, a cikin wani murabba'in, suna ta sauka kamar matakala har inda idona ya kasa bi. Ai na san wannan zanen. A gabansa na girma.

Kafin idonsa ya tafi, Baba marubucin Alƙur'ani ne, kuma shi ke yi wa abinsa zayyana, adon nan da ake zanawa a farkon kowane kashi. Ina ƙarama nakan zauna ina dama masa jan tawada, ina kallon yadda yake ja layi cikin layi, gida cikin gida, ba ya ko numfashi sai ya kai kusurwa.

"Zayyanar Baba ce..." na ce.

Na ajiye gilashin na gwada na farkon a yatsa. Da na shafa shi a bayan hannuna sai kusurwarsa ta ja mini farin layi. Na gwada na biyun. Shi an yanke masa kusurwoyin, sumul ya wuce.

"Wannan nake so. Ba zai karce shi ba."

"Karce wa?" Jalal ya tambaya.

Sai a lokacin na gane abin da bakina ya faɗa.

Ya yi wani murmushi da ban so ba. "Kin gani ko, Sakina tawa? Zoben aurenmu ma da hannun Baba kike auna shi." Ya sauke murya. "Ban ce ki daina son mahaifinki ba, in na faɗi haka Allah ya tambaye ni. Amma ran Juma'a baffannina za su koma gidanku karo na uku. Sun ce daga wannan ba za su sake ba. In kin san za ki ƙara ɗagawa, gaya mini yau in hana su zuwa... in kuma koyi haƙura da ke."

"Haka za ka ce?"

"Me ya rage in ce?"

Na buɗe baki in mayar masa da mai zafi, don bakina ba ya rasa ta cewa, sai na ji babu komai a ciki sai kuka.

Hajiya Balkisu ta dube ni, ta dube shi, ta naɗe ƙyallenta da zobban a ciki ta jefa a jaka.

"Ku tashi mu tahi. Tunda Malam mai zayyana ne, ya hi mu sanin kusurwa. Ni ban bari a ɓata aure bisa teburina."

Har muka bar gari muka kama hanyar garinmu Kwalkwalawa, Hajiya na ta yi wa Jalal faɗan gudu da mota.

Mun tarar da Baba a gindin dogonyaro bayan la'asar, carbi a hannu, rana ta karkato ta cika tsakar gida. Jalal ya durƙusa ya gaishe shi. Hajiya ta yi bayanin abin da ya kawo mu, ta tsallake rigimar, Allah ya saka mata.

"Ku ba ni in gani," in ji Baba. Har yau haka yake cewa.

Na ɗora masa na farko a tafin hannu. Ya bi shi da kan yatsa.

"Wanga kusurwa huɗu gare shi, kuma suna cizo." Na ba shi na biyu. Ya daɗe yana juya shi. "Wanga takwas. An rage mai kaihi. Mi a cikinai, Sakinatu?"

Na durƙusa kusa da shi na faɗa masa. Gida cikin gida, Baba, layi cikin layi, irin wanda ka yi a farkon Baƙara na Alƙur'anin da ka rubuta wa liman. Suna sauka, suna ƙanƙancewa, kuma babu layin da ya kauce.

"Cikin wanga ɗan abu?"

"Cikinsa, Baba."

Ya girgiza kai a hankali. "Shekara arba'in ina ja da alƙalami bisa takarda mai faɗin tahi biyu, ina jin na iya. Ashe akwai wanda ya ja shi cikin dutse. Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci dutsen, ya kuma ba ɗan Adam hannun."

"Shi na zaɓa," na ce da sauri. "Ba shi da kaifi. In na riƙe hannunka ba zai ji maka ciwo ba."

Baba ya ci gaba da juya zoben a hannunsa. Jalal ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa.

Ni kuwa don in sami abin yi da hannuna, na zura na farkon a yatsa kafin in mayar wa Hajiya. Hawaye ya zubo mini, na ɗaga hannu in share da bakin mayafi.

"Tsaya."

Baba ne. Ya miƙe zaune, carbin ya zame daga hannunsa.

"Mi ne ne wancan?"

"Wanne, Baba?"

"Wani abu ya wuce. Sake yadda kika yi."

Na sake ɗaga hannun cikin rana, na juya shi kaɗan. Wasu 'yan ɗigon haske suka watsu a bangon ɗaki, suka bi ta kan rigarsa, ɗaya ya sauka a fuskarsa.

"Ga shi nan," ya ce da wata murya da ban taɓa ji ba. "Ga shi nan kuma."

Na matsar da hannuna dama. Fuskarsa ta bi. Na mayar hagu. Ta biyo.

Jama'a, shekara huɗu in ina magana Baba gefen kunnena yake kallo. Yau ga idanunsa a kaina. Na zauna a ƙasa da hannun a sama kamar mai rantsuwa. Wasila ta fito daga madafa da ludayi ta tsaya cak. Hajiya Balkisu, mai bakin nan, salati kawai take yi ƙasa-ƙasa.

"Ja da baya," in ji Baba. Na tashi na ja. "Ƙara." Na ƙara, har bayana ya taɓa ƙofar zaure. "Ina ganinai. Kamar tauraro guda, yana ɗaukewa yana dawowa. Gwada ɗayan."

Jalal ya karɓo mini mai zayyanar daga hannunsa, na saka, na ɗaga, na juya, na sake juyawa. Har addu'a nake a zuci.

"Babu," ya ce. "Wanga na masu ido ne. Jalaluddeen, wancan mai cizon za ka sa mata cikin lehe."

Na dawo da gudu na durƙusa. "Baba, zai yanke ka. Kullum hannuna yana cikin naka..."

"Badaru na da hannu. Wasila na da hannu. Kin ɗauka ban san dalilin da kika ɗaga rana har sau biyu ba? Makaho nike, ba kurma ba." Ya lalubo kaina ya dafa. "Na yi shiru ne don ni ma ina jin daɗin hannun, Allah ya gahwarta mani. Amma shekara huɗu kina gefena ban gan ki ba, ɗiyata. Yau da kika matsa can bakin zaure na gan ki. Ki tahi gidan mijinki. In kin zo gaishe ni, ki zo da rana, ki ɗaga hannu."

Na kifa kaina a gwiwarsa na yi kukan da na daɗe ina ɓoyewa. Da na ɗago, na ga Jalal ma yana goge ido da hularsa, ko kunyar surukinsa bai ji ba.

"Ran Juma'a..." ya fara, yana kallona.

"Ka ce su zo da wuri," na ce. "Kuma ka daina kallona haka gaban Baba."

"Ai ban gani ba," in ji Baba. Har Hajiya sai da ta yi dariya.

Aka sa rana, kuma wannan karon ba ta motsa ba. Aka kai ni gidan mijina a unguwar Minanata.

Sati uku ina amarci kafin Jalal ya kawo ni gida. Tun a mota nake duba sama, ina tsoron kada hadari ya rufe rana. Ya tsaya a waje, ya ce in fara shiga.

Na ratsa zaure a hankali, na cire takalmi don kada ya ji takuna. Yana nan a gindin dogonyaro, Yaya Badaru na gefensa yana yanke masa farce. Na sa yatsa a baki na roƙi Yaya ya yi shiru.

Na tsaya inda rana ta fi ƙarfi. Na ɗaga hannuna na juya shi.

Baba ya ɗago kai. Fuskarsa ta zagayo a hankali har ta tsaya daidai inda nake. Ban riga na yi sallama ba.

"Wa alaikumus salam, Sakinatu," ya ce. "Tsaya nan tukuna, kada ki matso. Bari in ƙara ganinki."