Katakon Fedar Hagu

"Ki mayar musu da abinsu."

Baba ya faɗi haka yana tsaye a tsakar gida, keken lantarkin na tsakanin ƙafafunsa kamar wanda ya haye ɗan akuya. Sau ɗaya ya gwada zama, gwiwarsa ta daki kan keken, ya sauko.

'Yarsa Auta ta haɗiye kukanta. Mako uku tana yawon neman keke na hannu kafin ta samo wannan wurin wata mata da za ta bar gari. Batir lafiya, birki na ci. Abu ɗaya ta manta: matar gajeriya ce, Baba kuwa sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsa.

Shekara talatin da biyu ya yi yana raba wasiƙu a kan keke. Da gwiwa ta hana shi hawan tudu, ya rataye tsohon kekensa a ɗakin ajiya, ya koma zaman kujera, magana ma ya rage.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta taɓe baki. Ta ce ina amfanin wahala, ga ɗan aminin Baba mai sayar da motoci ya yi alkawarin mota har da direba, in dai aka ba shi Auta. Ranar Asabar Baba zai ba aminin nasa amsa.

Ita kuwa Auta zuciyarta na wurin mai gyaran keken bakin kasuwa, wanda kowa ke kira Mai Sifana. Baba bai raina sana'arsa ba. Cewa ya yi masu gyaran yanzu ba su iya gyara ba sai canji.

"Wanda duk abin da ya tsufa yake cirewa ya yar, ranar da mace ta tsufa me zai yi da ita?"

Ba ta mayar da keken ba. Washegari da ta tashi daga aiki ta tura shi har shagon.

Mai Sifana ya zagaya keken, ya dube ta, ya ƙunshe dariya.

"'Yar Dogo, wannan ai ko ke sai kin naɗe ƙafa."

"Kwana huɗu ya rage mana… ka yi dariyarka bayan Asabar."

Ya goge hannu, ya daina wasa. Ta fara faɗa masa tsawon Baba, ya girgiza kai. Ya ce tsawon mutum a tsaye daban, zamansa a kan keke daban. Tsohon keken yake so, don shi ya san jikin Baba fiye da kowa.

Mama ce ta ba da makullin ɗakin ajiya, lokacin da Baba ya fita asibiti duba gwiwa. Ba ta yi tambaya ba, sai dai ta ce a kula da ƙararrawar.

Da Auta ta kai masa tsohon, Mai Sifana ya jera kekunan biyu, ya ɗauko tef. Ya auna daga sirdi zuwa feda, daga sirdi zuwa kan keke, ya rubuta da alli a bango. Ya sa doguwar sandar sirdi mai kauri, ya ɗaga kan keken, ya ƙara tsawon wayoyin birki don kada su ja in an juya. Tsohon sirdin fatar, wanda ya lotsa daidai zaman Baba, ya mayar da shi kan sabon, haka ma ƙararrawar.

Ana gobe Asabar ta same shi tsugune gaban tsohuwar fedar hagu.

"Zo ki gani, sanyin idona."

Wasu ƙananan huji biyu ne, sun yi tsatsa. Fedar dama ba ta da su. Ya nuna mata sirdin kuma, gefen hagu ya fi cinyewa.

"Ƙafar Baba ta hagu ba ta kai ta dama ba. Da akwai katako a nan."

Auta ta ce ba zai yiwu ba, ubanta ne, ta fi shi saninsa. Bai yi gardama ba. Ya ɗauko guntun katako ya fara fiƙewa, kaurin yatsa ɗaya.

A gida kuwa Gwaggo ta leƙa ɗakin ajiya ta ga ƙusa ba keke. Ta sami Baba ta shafa masa cewa an sace kekensa an kai wa yaron nan, yana can yana warware shi zai sayar da ƙarafan. Ta kira ɗan mai motoci, ya zo da sauri ya ɗauke su.

Auta na riƙe da katakon ana ɗaure shi a fedar hagun sabon keken, sai ga mota ta tsaya. Baba ya fito da ƙyar, don kujerar ta matse masa gwiwa.

"Ina kekena?"

Ta miƙe ta tare gaban Mai Sifana.

"Ni na ɗauko, Baba. In faɗa ne, ni za a yi wa."

Mai Sifana ya durƙusa ya gaishe shi, ya nuna bango. Tsohon keken na rataye, an wanke shi, an zuba wa sarƙar mai, wayoyin taya biyu da suka karye tun tuni an ɗaura wasu. Sirdi da ƙararrawa kawai babu.

Baba ya juya ga sabon. Idonsa ya sauka kan fedar hagu, ya tsaya a nan.

"Wa ya gaya maka? Uwarta?"

"Ba wanda ya gaya min, Baba. Hujin na gani."

Baba ya sunkuya ya shafa katakon. Sannan ya faɗa, murya ƙasa ƙasa, cewa yana saurayi ya karye, ƙafar ta warke da ɗan ragi. Ya ɓoye don kada a hana shi aiki. Ranar da ya ajiye aiki ya cire katakon ya jefar. Ban da Mama ba wanda ya sani, ko Gwaggo.

Ɗan mai motoci ya buɗe ƙofar mota, ya ce Baba ya shiga ya huta, shekarunsa sun wuce wannan wahalar.

Baba bai ko waiwaye shi ba. Ya ɗaga doguwar ƙafarsa ya haye. Auta ta nuna masa maɓallin. Ya taka sau ɗaya, sau biyu, injin ya karɓa, sai ga shi ya miƙe ya nufi tudun nan da ya gagare shi shekara uku. Daga can sama suka jiyo ƙararrawa.

Gwaggo ta ce rana ta yi zafi, ta shige motar.

Da ya dawo, fuskarsa a ɗaure take, amma idonsa ya yi ja. Ya sauka ya daddanna sirdin.

"Ya yi gaba da yatsa ɗaya."

"A ba ni minti biyu, Baba."

"A'a. Gobe ka zo gida ka gyara." Ya gyara zaman hularsa. "Ka taho da manyanka."

Auta ta rufe fuska da gyalenta. Baba ya sake hayewa, ya dube ta daga can sama.

"Ke kuma ki taho a ƙafa. Ni zan je in nuna wa uwarki."