Mol Shida da Suka Ɓata

Da safiyar wata Litinin a shekarar 1994 aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda na Jalingo cewa an watsa wa wani malami asid a ƙofar gidansa a Yelwa. Sunansa Simeon Manga, malamin lissafi a wata sakandare da ke Barade. Sufeto Jibrilla Maishanu ya same shi a asibiti, an naɗe masa fuska duka. Likita ya ce idanun biyu sun tafi.

"Ka ga wanda ya yi?"

"Ina tura babur aka kira sunana ta bayan danga. Na juya. Shi ke nan abin da na gani."

Matarsa Alice ta tari numfashinsa. "Oga, wannan mata Amatullah, shi ne ya yi! Ranar Jumma'a ya yi faɗa da maigida na a gaban yara. Makullin asid yana hannunsa."

Kafin azahar Malama Amatullah Abbo, mai koyar da kimiyyar sinadarai, tana tsare a bayan kanta. Ba ta musa faɗan ba. A kan ɗakin gwaje-gwaje ne, wanda Simeon yake so a ara masa ya yi darasi, ita kuwa ta hana. DPO ya ce magana ta ƙare, a kai ta kotu ranar Alhamis. Sufeto dai hankalinsa bai kwanta ba, don bai taɓa ganin faɗan aron aji ya kai ga makantar da mutum ba.

A bakin dangar gidan Simeon ya tsinci kwalbar lemo, da sauran wani ruwa mai kauri a gindinta. Ya kai wa mai cajin batir a bakin kasuwa. Mutumin ya ɗiga a kan tsumma, nan take ya yi baƙi ya huje.

"Wannan ba ruwan batir ba ne, yallaɓai. Namu ba ya wannan zafin. Nemi na makaranta."

A makarantar, mataimakin firinsifal, Mista Solomon Manasseh, shi ya tarbe shi cikin babbar riga, yana ta jajantawa. Ya ce daga asibiti ma yake. Ya sa aka buɗe ɗakin gwaje-gwajen da makullin da aka karɓe a hannun Amatullah, ya nuna wata babbar kwalba a kabad.

"Ka gani, a cike take har wuya. Ba abin da ya fita daga nan."

"Akwai wani makullin?"

"Babu. Nata ne kaɗai."

Sufeto ya koma ofis yana juya abin. In kwalba a cike take, daga ina asid ɗin ya fito? In aka ce a aika Legas a gwada, sai damina ta wuce ba a ji amsa ba. Washegari ya fito da Amatullah, ya kai ta ɗakinta na aiki. Ɗalibai suka yi cincirindo a tagogi, ya bar su.

"Malama, za ki iya gane ko an taɓa kwalbar nan? Ki bi da ni a hankali, ni da sinadarai tun a aji uku muka raba gari."

"Zan iya. Ka san mudu, Sufeto? Ba mai ƙirga gero ƙwaya-ƙwaya, aunawa ake yi. Mu ma ƙwayoyin sinadari sun fi ƙarfin ƙirga, sai muke auna su da abin da ake kira mol. Wannan asid ɗin, in ba a taɓa shi ba, kowace lita tana da mol goma sha takwas. Kwalbar lita biyu ce, ka ga talatin da shida ke nan."

Ta ɗebi kaɗan, ta zuba shi a hankali cikin ruwa mai yawa, sannan ta riƙa ɗiga shi a ruwan soda da ta sa wa launin gwaji, har launin ya juya daga ɗorawa zuwa ja. Sau uku tana maimaitawa. Ta ɗauki alli ta hau allo. Da ta kai ƙarshe sai ta juyo.

"Goma sha biyar a lita. Talatin ne a kwalbar. Mol shida sun ɓata, wato kashi ɗaya cikin uku na lita."

"Kamar nawa ke nan a ido?"

"Kwalbar lemo ɗaya. An ɗiba, an cike gurbin da ruwa."

Saje da ke tsaye a bakin ƙofa ya gyara ankwa. Matar ta tabbatar da bakinta cewa daga kabad ɗinta abin ya fito. Tausayinta ya kama Sufeto ƙwarai, amma bai bari an gani a fuskarsa ba.

"Ke kika zuba ruwan?"

"Ni? A ranar farko nake gaya wa yaran nan, asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Tafasa yake yi ya yi tsartuwa. Wanda ya yi wannan bai taɓa zama a ajina ba, kuma bai tashi lafiya ba."

Sufeto ya durƙusa ya duba katakon kabad ɗin. Ga baƙaƙen ɗige-ɗige nan birjik, kamar an yarfa tawada. Ya kama hannuwan Amatullah ya juya su, ba ko ƙwarzane. Ya sa aka kira masinjan makaranta, ya tambaye shi makulli.

"Akwai na biyu, Oga. Yana durowar firinsifal. Tun da shi ya tafi hutun ritaya, Bais ne yana zama a ofis."

Bais ɗin, wato Mista Solomon, yana rubutu da hannun hagu lokacin da suka shiga.

"Ba ka ce makulli ɗaya ba ne?"

"Na manta da wancan."

"Naɗe hannun rigarka na dama."

"Salansar babur ce ta ƙone ni."

"A ƙafa salansa take ƙuna. Naɗe."

Ya naɗe. Daga bayan hannu har gwiwar hannu ƙuna ce ɗige-ɗige, wasu sun fara ruwa. Ya kalli hannun kamar ba nasa ba, sai ya fashe da kuka.

"Tun zamanin jihar Gongola nake mataimaki. Aka ba mu jiha, na ce to, lokacina ya zo. Sai na ji a ma'aikatar ilimi wai Simeon za a ba kujerar firinsifal, yaron da ni na karɓe shi aiki. Ban yi nufin idonsa ba, wallahi, so nake ya kwanta asibiti har a gama naɗin. Na cika kwalbar ne don kada a zargi kowa."

"An zargi wata. Kwana ta yi a bayan kanta, kana nan kana shan shayi."

Saje ya rasa inda zai ɗaura ankwar saboda ƙunar, sai ya riƙe shi ta kafaɗa, ya bi da shi ta tsakiyar ɗalibai zuwa mota. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya yi jifa.

Sufeto ya koma ɗakin gwaje-gwaje ya sami Amatullah tana wanke kwalabe. Ya ce an sallame ta.

"Amma abu ɗaya, Malama. Kin san ban iya lissafin nan ba. Da kin ce goma sha takwas, da na yarda na tafi."

Ta dubi tagogin, inda yaran suke tsaye har yanzu.

"Kai ne ba ka iya ba, Sufeto. Su sun iya. Ni na koya musu."