Tuwon Cikin Kwalla

Wata huɗu da tarewar Sa'adiya a Damba, surukarta Inna Hanatu ta zo daga Tsafe ganin ɗakin amarya. Inna dai ba ta iya ganin abu a rufe ta wuce. Tana yaba jere ta ɗaga murfin wata kwalla, sai wari ya buge ta. Malmalar tuwo uku ce a ƙulle cikin tsumma, har sun yi fumfuna!

"Sahabi! Zo ka ga abin da anka aje maka!"

Ɗanta Sahabi, ma'aikaci a sakatariyar sabuwar jiha, ya shigo da sauri.

"Asiri ne wanga!" in ji Inna. "Shi ya sa kullum tana ciwon ciki, kullum rama, abin ya koma kanta. Yau ta bar gidanga!"

Sa'adiya ta durƙusa ta jawo jaka daga ƙarƙashin gado, a shirye tsaf. Wannan ya fi tuwon girgiza Sahabi.

"Sa'a, yaushe kika haɗa kaya?"

"Tun ranar da anka kawo ni." Kunya ta hana ta ɗago kai. "Ina shekara shida Baba ya saki innata. Anka kai ni riƙo 'Yankuzo, daga nan Rawayya, daga nan Bungudu... gida bakwai. Yau a ba ni abinci, gobe a manta. Sai na koyi ɓoyewa. Ko yanzu in na zauna ci sai gabana ya faɗi, in ɗauke rabi saboda gobe."

Sai ta fashe da kuka.

Sahabi ya juya wajen mahaifiyarsa. "Inna, olsa ce da hawan jini ke damunta, haka likita ya ce, ga ta shekara ashirin da biyu. Ina ta sayo magani, ban taɓa zama na tambaye ta ba. Sori, Sa'a."

Inna ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta tuna marainiyar ƙanenta da ta taɓa riƙewa, ta miƙa ta gaba tun kafin shekara ta zagayo. Sai ta ɗauki jakar, ta zazzage kayan ta jera su a kabad da hannunta.

Da aka sauke abincin rana ta zuba a kwano ɗaya. Suruka ba ta haɗa hannu da matar ɗanta, amma Inna ta gyara zama.

"Sa hannu, ɗiyata. Ba mu tashi sai mun ga gindin kwano. Gobe ma akwai!"

Ciwon bai tafi rana ɗaya ba, amma haƙurin Sahabi da kulawar Inna suka rage shi, har Sa'adiya ta yi kumatu. Masu raba aure da masu karɓar riƙo, ku ji tsoron Allah! Yaron da aka yi ta yawo da shi gida-gida, jikinsa ba ya mantawa ko ya girma.